Kofi Biyu da Fulas Ɗaya

Na taso a gidan da ba a kwanciya sai an yi sujadar iyali. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, kuma tun ban iya rubuta sunana ba na iya Zabura 23 da ka. Kafin in gama sakandare na haddace ayoyin da ban san adadinsu ba. In gardamar addini ta taso a makaranta, ni ake turawa gaba, don ina da baki, kuma aya ba ta yi mini nisa. A tunanina a lokacin, shaidar Almasihu ke nan: ka kayar da hujjar mutum har ya rasa ta cewa. Da yawa sun rasa ta cewa ɗin. Amma ban tuna ko mutum ɗaya da ya dawo ya neme ni daga baya ba.

Akwai abin da na yi a shekarata ta biyu a wurin aiki wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wani abokin aikina, teburinsa na kusa da nawa, mahaifiyarsa ta rasu. Da ya dawo bayan mako biyu muka zauna a lokacin hutu, kowa da kofinsa a gabansa. Ya fara ba ni labarin daren ƙarshe, yadda ta riƙe hannunsa tana son gaya masa wani abu. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na ce masa, "Kai fa, in daren nan aka nemi ranka, ina za ka?" Sannan na ciro takardar bishara daga aljihu na tura masa a kan tebur. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce, "Na gode." Ya tashi ya bar kofinsa ko rabi bai sha ba. Daga ranar sai gaisuwa kawai tsakaninmu, har ya bar wurin. Na gaya wa kaina cewa zuciyarsa ce ta taurare, ni dai na sauke nauyi.

Da za mu yi aure, ni da matata mun yi gwajin jini, sakamako ya nuna dukanmu AS ne, wato kowannenmu na ɗauke da gadon sikila a jininsa. Likita ya ɗauki biro ya zana mana gida huɗu a takarda, ya nuna ɗaya daga ciki ya ce kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya bisa huɗu a haifi ɗa mai SS, wato sikila. Ya ce mu je mu yi tunani. Matata ta tsorata, ta yi kwana biyu ba ta cin abinci. Ni ne na riƙe hannunta na ce bangaskiya ta fi takardar likita. Da bakina na faɗa. Ina roƙon duk mai shirin aure da ke karanta wannan, in likita ya zana maka wannan gida huɗun, ka zauna ka saurare shi sosai, don sanin da Allah ya ba shi ba abokin gāban bangaskiya ba ne.

Ɗanmu na fari ya zo lafiya ƙalau, na tsaya a gaban jama'a na ba da shaida. Ta biyu mace ce. Tana wata 7 hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana kuka ba ta ko yarda a taɓa ta. Aka yi gwaji, aka ce SS ce.

Shekara 9 muka yi da ita. Na koyi abubuwan da ban taɓa son sani ba: cewa jan ƙwayar jinin mai lafiya kan yi kwana 120, nata kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, cewa ƙwayoyin kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon da ke sa yaro ya ciji matashin kai. Na san ƙarin jini, na san ƙarin ruwa, na san ƙarar kowace na'ura a ɗakin yara. Yarinya ce mai surutu. Ko tana kwance da allura a hannu sai ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko tana da 'ya'ya, nawa ne, ina suke. A waɗannan dararen na fara shan gahawa, baƙa, mai ɗaci, ba don daɗi ba, don kada barci ya ɗauke ni ta kira ni ban ji ba.

Masu zuwa dubiya sun zo da ƙauna, ban musa ba. Amma kusan kowa da ayarsa a hannu. Wani ya karanta mini Romawa 8:28, cewa kome na aiki tare domin alheri, alhali yarinya na ihu a bayan labule. Wata ta ce mu binciki kanmu ko akwai zunubin da ba mu furta ba. Wani ya ce da bangaskiyarmu ta kai ƙwayar mastad da tuni ta warke. Ina jinsu ina gyaɗa kai, a zuciyata kuwa muryata nake ji, don irin maganganun da ni ma nake wa mutane ke nan.

Ciwon ƙarshe ya fara da zazzaɓi da tari, sannan numfashi ya gagara. Kwana uku ta yi da abin iska a fuska. Da asubar rana ta huɗu ta tafi, hannunta a cikin nawa.

Ban yi faɗa da Allah a fili ba. Na daina magana da shi ne kawai. Na ajiye Littafi Mai Tsarki a saman kabad, na daina zuwa sujada, in fasto ya kira ba na ɗauka. A gida ni da matata muka zama kamar baƙi biyu da suka haɗu a masauki. Ba ta taɓa ce mini "kai ka jawo" ba, amma duk lokacin da ta yi shiru haka nake ji. Barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ina ganin takardar nan mai gida huɗu. Don in guje wa gidan sai in fita da sassafe, in isa ofis ƙarfe shida da rabi, in zauna a kujerata ban kunna fitila ba.

Akwai wani dattijo mai kula da sito, saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. Kowa Baba yake ce masa. Na san Kirista ne, amma a da ban ɗauke shi a bakin kome ba, don ban taɓa jin ya yi wa kowa wa'azi ba. Wata safiya ya leƙo ya same ni a duhu. Ya ce, "Ɗana, zo ka taya ni, na dafa gahawa ta yi mini yawa."

Na bi shi don kunya. A lungun sito yana da benci ɗaya, da tsohon fulas shuɗi wanda murfinsa ya tsage ya ɗaure da roba, da kofi biyu na tangaran, ɗaya hannunsa ya karye. Ya ɗauki mai karyayyen hannun, ya zuba mini a mai kyan. Ya tambaye ni sukari cokali nawa, na ce ba na sawa. Muka zauna muna kallon tururi. Bai ce "yaya haƙuri" ba, bai ce kome ba. Da na gama ya karɓi kofin ya ce, "Gobe ma tana nan."

Haka muka yi ta yi. Wata rana hirar ciwon gwiwarsa, wata rana lissafin kayan da bai daidaita ba, wata rana shiru daga farko har ƙarshe. Ni kuwa a shirye nake kullum, ina jiran ranar da zai ciro ayarsa in tashi in bar masa wurin, don na san dabarar, na sha yi wa wasu: ka ja mutum a jiki kwana biyu, sannan ka sako abin da ya kawo ka. Mako ya wuce, wata ya wuce, wata biyu. Bai sako kome ba. Abu ɗaya kawai na lura da shi, kafin ya kai kofi baki yakan rufe ido na ɗan lokaci, leɓensa na motsi. Bai taɓa cewa in taya shi ba.

A wata na uku, ranar da ya kamata 'yata ta cika shekara 10, ni na fasa shirun. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, ni na kashe ta." Na gaya masa labarin likita da biro da abin da na ce wa matata. Na ce Allah ya hukunta girman kaina ne a jikin yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, kuma in haka yake, ba na son sa. Na ɗaga murya har hannuna na rawa, gahawa ta zube mini a wando.

Ya miƙo mini tsumma. Ya bari na yi kuka har na gaji. Sannan ya ce shi ma ya binne ɗa, saurayi ɗan shekara 19, a haɗarin mota, kuma shi ne ya aike shi a ranar. Shekaru muna aiki tare ban taɓa sani ba, don ban taɓa tambaya ba. Ya ce, "Ɗana, in ka yarda zan nuna maka wuri ɗaya. In ba ka so, mu bar shi." Wannan neman izinin ya fi kome kashe mini jiki. Na ce ya nuna.

Ya ciro ƙaramin Littafinsa da ya sha hannu, ya buɗe Yohanna 9, inda almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya sa yatsa a aya ta 3 ya ce in karanta da kaina. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Na san wannan wurin tun ina yaro, na taɓa koyar da shi a ajin Lahadi, amma ban taɓa karanta shi a matsayin uban yaron ba. Baba ya ce, "Ka yi kuskure da ka raina maganar likita, ba zan ɓoye maka ba. Ka nemi gafarar Allah, ka nemi ta matarka. Amma Allahn da na sani ba ya dukan yarinya don ya rama a kan ubanta. Ɗansa ya bayar." Ya rufe littafin, ya ƙara mini gahawa.

Bayan kwana biyu na ce masa ba na iya addu'a, duk abin da ke bakina ƙorafi ne. Sai ya nuna mini Zabura 88. Aya 18 ce, daga farko har ƙarshe kuka, kuma ba ta ƙare da yabo kamar wasu zaburoyin ba, ta ƙare ne da mai zaburar yana cewa duhu ne ya rage masa aboki. Ya ce, "Wannan ma addu'a ce, tun da an sa ta a cikin Littafi. Fara da ita." Da ita na fara. Watanni na yi ba ni da wata.

Komowata ta zo a hankali, ba da wata walƙiya ba. Wata 14 na yi ban shiga majami'a ba, ranar da na koma kuwa a layin ƙarshe na zauna, na fita kafin a sa albarka. Abin da ya fi wuya shi ne matata. Wani dare na dafa ruwa, na zuba kofi biyu, na ajiye ɗaya a gabanta na zauna. Ba ta shan gahawa, ta dai riƙe kofin a tafin hannunta don ɗumi. Na ce mata, "Ki gafarta mini, ni na ce kada mu ji tsoro." Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ta ce ita ma kullum tana zargin kanta ne, tana tsammanin shiruna fushi ne da ita. Shekara guda da wani abu kowa na ɗauke da kaya iri ɗaya a ɗaki ɗaya, babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa. Ranar muka ambaci sunan 'yarmu da baki a karon farko tun bayan jana'iza.

Da na sake buɗe Littafi Mai Tsarki sai na riƙa ganin abin da idona ke tsallakewa a da. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata, har Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. A bakin rijiyar Yakubu, Yesu ne ya fara roƙon matar Samariya ruwan sha. A hanyar Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11 daga Urushalima, ya tambayi mutum biyun nan abin da suke tattaunawa, ya bar su suka zazzage baƙin cikinsu kafin ya buɗe musu Nassi, kuma ba su gane shi ba sai da suka zauna a tebur. Ni da nake taƙama da sanin ayoyi, ban taɓa lura da yawan tambayoyin da yake yi wa mutane ba.

Ranar da Baba zai yi ritaya ya kira ni sito, ya sa fulas ɗin da kofi biyun a leda ya miƙo mini. A nan na tambaye shi ko da gaske gahawar ta yi masa yawa a ranar farko. Ya yi murmushi ya ce kwana biyar ya yi yana dafa ta mutum biyu yana komawa gida da saura, kafin ya samu ƙarfin halin leƙowa.

Yanzu shekara shida ke nan fulas ɗin na hannuna. Ba ni da wani shiri ko suna da na sa wa abin. Nakan zo da wuri, in dafa, in bar ƙofa a buɗe. Mutane kan zo da hirar ƙwallo ko matsalar albashi, wani lokaci kuma hirar kan gangara da kanta zuwa mahaifi marar lafiya, ko auren da ke tangal-tangal, ko tsoron mutuwa. Ba na ɓoye ko ni wane ne. Kowa ya san ni mai bin Yesu ne, in an tambaye ni abin da ya riƙe ni bayan 'yata, sunansa nake kira, don in na ce wani abu dabam na yi ƙarya. Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambayi dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi. A da rabin farko kawai na riƙe, ban ma kula cewa maganar amsa tambaya ake yi ba.

Abu ɗaya da na haramta wa kaina shi ne ɗaukar sirrin da aka gaya mini a kan wannan bencin in kai shi taron addu'a da sunan roƙo. Na ga yadda wannan ke zama tsegumi mai riga fara, kuma wanda aka yi wa haka ba ya sake buɗe baki.

Akwai wani abokin aikina Musulmi, mutum mai karatu da natsuwa, da muke zama kusan kowace Laraba. Shi ne ya gaya mini cewa itacen gahawa asalinsa daga Habasha ne, kuma a ƙarni na 15 sufayen Yaman suna shan ta don su raya dare da zikiri. Yakan tambaye ni abin da muke nufi da gicciye, in gaya masa iyakar sanina, ni ma in tambaye shi nasa, ya gaya mini. Inda muka saɓa mun san mun saɓa, ba ma shafa wa juna mai a baki. Yana kan addininsa, ina kan bangaskiyata. Da mahaifinsa ya kwanta ciwo na tambaye shi ko zan iya yi masa addu'a, ya ce ya gode, kuma shi ne mutumin da ba ya manta ranar rasuwar 'yata.

Sai wani matashi da ya taso a coci ya bari. Ya zo da tambayoyi kamar wuƙa, irin nawa na dā amma ta ɗaya gefen. Wata safiya ya ce, "Yaya, in Allahnka mai ƙauna ne, me ya sa yara ke shan wahala?" Bai san labarina ba. Na ji tsoffin amsoshina sun taso har maƙogwaro, a jere. Na haɗiye su na ce, "Ƙanena, ban sani ba." Sannan na gaya masa labarin yarinya mai tambayar ma'aikatan jinya 'ya'yansu nawa. Na ce abin da na sani shi ne Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru ya yi hawaye, kuma shi kansa ya shiga azaba da mutuwa ya fito, shi ya sa nake sa ran sake ganinta. Bai ce ya yarda ba. Har yau bai koma coci ba. Amma kwanan baya ya tambaye ni wace Bishara ya kamata mutum ya fara karantawa, na ce ya gwada Markus, ita ce mafi gajarta, sura 16. Sauran na bar wa mai sa iri ya tsiro.

Bara na yi abin da na daɗe ina gudu. Na nemi lambar tsohon abokin aikin nan, wanda na tura wa takarda a kan tebur. Shekara 19 ke nan. Na yi kwana uku ina kallon lambar kafin in kira. Ya gane muryata, ya yarda mu haɗu. Na tafi da fulas ɗin, muka zauna a wani benci a inuwa, na ba shi kofi mai kyan, na riƙe mai karyayyen hannu. Furfura ta fito masa a gemu.

Na ce, "Ɗan'uwa, ranar da ka dawo daga rasuwar Mama kana ba ni labari na katse ka. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Ya ce ya tuna, kuma ya yi shekaru in ya ga mai riƙe da Littafi sai ya canza hanya. Ya ce ya ji labarin 'yata a lokacin, ya so ya zo, ya kasa. Muka yi shiru. Na ce masa, "Ka ce ta riƙe hannunka tana son gaya maka wani abu. Me ta ce?"

Ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ajiye kofin a kan bencin, ya gyara zama, ya fara daga farko, tun daga yammacin da aka kira shi a waya.